Tashar Jos da Tashoshin Japan: Me Ya Sa Gari Ya Juya Wa Dogo Baya?

Duk mutumin unguwar Ali Kazaure da ya fito da sassafe yana neman abin hawa zuwa Bukur, ya tsaya a bakin titi hannu cikin aljihu saboda sanyin Jos, yana ciniki da mai Keke Napep a kan kuɗin da jiya bai kai haka ba, da wuya ya tuna cewa kasuwar da yake kira Taminus ta samo sunanta ne daga ƙarshen layin dogo, kuma tashar jirgin ƙasa tana nan kusa da shi, tafiyar ƙafa kawai. Sunan ya zauna daram a bakin jama'a, alhali jirgin da ya haife shi ya daɗe da fita daga lissafin sufurinsu. Na sha ganin dogon nan ciyawa ta rufe shi, awaki na kiwo a tsakaninsa, 'yan gwanjo sun baza hajarsu a gefe ba tare da fargabar komai zai taho ba.

In ana son gane sababin wannan al'amari, sai an koma ga niyyar da aka shimfiɗa dogon da ita tun farko, domin aiki yana bin niyyarsa. Ƙaramin dogon da ya taso daga Zariya ya iso Bukur a 1914, da babban wanda ya hawo daga Kafanchan a 1927, duka an yi su ne domin kwashe kuza zuwa bakin teku, babban kuma har da kawo kwal ɗin Inugu ga ma'adinai. Ɗan Adam kuwa ƙari ne a bayan kaya. Da aka rufe ƙaramin a 1957, sannan farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, sai dogon ya rasa hujjar zamansa, ga kuma titunan mota da arhar man fetur na shekarun 1970 sun riga sun janye fasinja. Hukumar Reluwe da aka kafa a 1955 ta gaji filaye masu yawa a kewayen tashoshinta, amma ba ta mayar da su jarin da zai raya jirgin ba.

A nan ne kwatanci da Japan yake da fa'ida. Wani ɗan kasuwa mai suna Kobayashi Ichizo, wanda ya kafa kamfanin da yau ake kira Hankyu, ya buɗe layinsa daga Umeda ta birnin Osaka zuwa Takarazuka a 1910, ta cikin gonaki inda babu jama'ar kirki. Sai ya yi wata hikima: ya sayi filayen da ke gefen tashoshi tun suna da arha, ya gina gidaje a Ikeda ya sayar wa ma'aikata biya kaɗan-kaɗan, ya kafa gidan wasa a ƙarshen layi, daga bisani a 1929 ya buɗe katafaren kanti a kan tashar Umeda kanta. Wato ya ƙirƙiro fasinjansa da hannunsa, ya kai shi aiki da safe, ya sayar masa da cefane da yamma. Kamfanin Tokyu ya bi wannan tafarki a Tokyo, har ya zama galibin unguwannin bayan gari ana kiransu da sunan tasharsu, ana kuma auna darajar gida da yawan mintocin tafiya zuwa tasha.

Mu kuwa natijar da muka samu akasin haka ce. Jos ta miƙe ta bi titi, daga Farar Gada har Bukur, kowa ya gina inda ya samu fili, kuma rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka ƙara rarraba mazauni bisa addini, ta yadda tsoro ya fi kusancin tasha tasiri wajen zaɓen unguwa. Gobarar babbar kasuwa a 2002 ta watsa 'yan kasuwa kan tituna. Nauyin zirga-zirga ya koma kan acaɓa, da aka hana shi kuma ya koma kan keke, wanda, a yi masa adalci, ya ciyar da dubban matasa, yana kuma shiga lungun da jirgi ba zai taɓa shiga ba.

Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya sa aka waiwayi dogon, har gwamnatin Filato da Hukumar Reluwe suka ɗauki aniyar farfaɗo da jirgin da ke kai-komo tsakanin Jos da Bukur da Kuru. Maslaha ce babba, sai dai a nawa ra'ayin tarago da inji kaɗai ba za su wadatar ba. Ma'aikacin Osaka yana dogara da jirgi ne saboda ya tabbata zai zo a mintin da aka rubuta, kuma gidansa da kasuwarsa suna bakin tasha. Mutumin Ali Kazaure mai shago a Bukur, in har sai ya biya keke zuwa tasha, ya zauna jiran jirgin da ba a san sa'ar tashinsa ba, ya sake biyan wani keken a can, to, zai tsaya a bakin titinsa ne ya ci gaba da cinikinsa da mai keke.