Muryar Jim Reeves da Waƙoƙin Kirsimeti a Kudancin Katsina

Duk wanda ya zauna a Funtuwa ko Zariya a shekarun 1970 zai iya tuna wata murya mai kauri da sanyi da kan fito daga shagunan masu sayar da faifai da zarar watan Disamba ya kama. Muryar Jim Reeves ce, wani mawaƙin Amurka. Daga irin waɗannan garuruwa na bakin dogo ne faya-fayansa, daga baya kuma kaset-kaset, suka riƙa shiga ƙauyukan ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda ake da Hausawa Kirista, waɗanda akasarinsu jikokin Maguzawa ne. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne yadda waƙoƙin da aka tsara da wani harshe, don wata ƙasa mai wani yanayi dabam, suka zama alamar lokaci ga mutanen da da yawansu ba su jin Turanci.

An haifi Reeves a Jihar Teksas a 1923, ya kuma rasu a hatsarin jirgin sama kusa da birnin Nashbil ranar 31 ga Yuli, 1964. Faifansa na Kirsimeti mai suna Twelve Songs of Christmas, wanda kamfanin RCA Victor ya fitar a 1963, tarin waƙoƙi ne guda 12, galibinsu tsofaffi. Alal misali, Silent Night an tsara ta ne a ƙasar Ostiriya tun 1818, White Christmas kuwa Irving Berlin ne ya rubuta ta, Bing Crosby ya fito da ita a faifai a 1942. Ke nan gudummawar Reeves ita ce yadda ya rera su.

Wannan salon rerawa na'ura ce ta haife shi. Kafin 1925, mawaƙi kan tsaya gaban wani babban mazurari ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, domin ƙarfin muryar ne ke motsa allurar da ke zana faifai. Da aka soma ɗaukar murya da makirfo, sai ya zamana mutum zai iya yin ƙasa da murya, ya rera kamar mai yi wa wani magana a kunne, a kuma ji shi sarai. Crosby na cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sauyi. Shi kansa Reeves, wanda ya taɓa yin aikin sanarwa a gidan rediyo, da ƙarfi yake waƙa da fari, sai a 1957, a waƙarsa Four Walls, ya matso dab da makirfo ya sassauta murya, kuma a kan wannan salo ya tsaya har ƙarshen rayuwarsa.

Mai nazarin waƙar baka zai ga bambancin da kyau in ya kwatanta shi da Alhaji Mamman Shata, wanda ya daɗe da zama a Funtuwa ɗin nan. Shata mawaƙin fili ne. Muryarsa tana gasa da kalangai da 'yan amshi da hayaniyar taro, yana kiran mutane da sunayensu, yana ƙara ɗa ko ya rage gwargwadon wanda ya shigo da abin da ya bayar. Ko da aka ɗauke shi a faifai, filin ne aka ɗauko aka kawo ɗaki. Waƙar Reeves kuwa a ɗaki aka haife ta, ba ta da roƙo ko zambo, ba ta sauyawa, kuma tamkar mutum ɗaya take fuskanta. Bahaushe ya san murya ƙasa-ƙasa, amma a waƙar reno da ta niƙa ya san ta, watau a cikin gida, a bakin mata. Namiji babba ya mai da ita sana'a, wannan baƙon abu ne, kuma a ganina yana cikin abin da ya ja kunnen masu sauraro.

Akwai kuma dalilin addini. Reeves yana da faya-fayai na yabon Ubangiji, kamar We Thank Thee na 1962, don haka iyalan da ba su yarda da kiɗan holewa ba sun karɓe shi ba tare da ɗar-ɗar ba. Har wa yau yana furta kalmomi dalla-dalla, ta yadda malamin firamare ko ɗan makarantar mishan zai iya bin sa. Ga wanda bai je makaranta ba kuwa, karin wasu waƙoƙin ba baƙo ba ne, domin ya saba rera irinsu da Hausa a majami'a daga littafin waƙoƙi.

Sai dai abin da waƙoƙin ke siffantawa bai ƙetaro ba. Suna maganar dusar ƙanƙara da ƙararrawar keken doki a kanta, alhali Ƙanƙara, duk da sunanta, ba ta taɓa ganin dusar ba. Abin da ke akwai a Disamba shi ne hunturu da hazo, an gama girbin dawa, an kai auduga kasuwa, aljihu ya yi ɗan nauyi, 'yan ci-rani da ma'aikata sun dawo gida daga Kaduna da Kano. Da waɗannan abubuwa mai sauraro ya haɗa muryar, kamar dai yadda jin kiɗan tashe ke sanar da Musulmi cewa azumi ya kai kwana 10.

Rabe-raben da masana suka yi wa makaɗa, na fada da na jama'a da na sana'a, bai tanadi gurbi ga irin wannan waƙa da ta shigo ta faifai ta zauna ba, kuma waƙoƙin Hausawa Kirista gaba ɗaya ba su sami nazarin da ya kamace su ba. Aikin ya ƙara wuya yanzu. Tun kafin sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a wannan yanki, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar garmaho da faifai. Dattawan da za a tambaya sun warwatsu a garuruwa.