Yumɓu Ba Ya Manta Nauyin da Ya Taɓa Ɗauka

A shekarar 1173 aka aza harsashin hasumiyar Pisa ta ƙasar Italiya. Magina na kan hawa na uku ginin ya soma karkata, domin akwai yumɓu mai laushi a ƙarƙashinsa. Yaƙe-yaƙe suka tsayar da aikin kusan shekara 100, kuma masana na ganin wannan jinkiri ne ya hana hasumiyar faɗuwa, don ya ba yumɓun lokacin fitar da ruwansa ya ƙara ƙarfi.

Shi yumɓu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, tsakaninsu kuwa akwai 'yan kafofi cike da ruwa. Idan aka ɗora masa nauyi, ruwan ne ke fara ɗauka, sannan ya riƙa tsiyayewa sannu a hankali, ƙwayoyin su matsu, ƙasa ta lotsa. Karl Terzaghi ne ya bayyana wannan al'amari a littafinsa na 1925.

Abin sha'awa shi ne, ko an sauke nauyin, yumɓun ba ya komawa yadda yake sai ɗan kaɗan. Yumɓun birnin Landan, alal misali, ya kwanta kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, ƙasa mai yawa ta danne shi, daga baya zaizayar ƙasa ta kwashe ta. Bushewa ma tana yin irin wannan aiki, haka nan saiwoyin bishiyoyi da ke tsotse ruwa. Irin wannan ƙasa ita ce ake cewa ta sha dannuwa fiye da nauyin da ke kanta a yau.

To, yaya ake ganewa? A ɗakin gwaje-gwaje akan yanko yumɓun kamar faifai, faɗinsa kimanin milimita 75, kaurinsa milimita 20, a sa shi cikin zoben ƙarfe tsakanin duwatsu biyu masu barin ruwa ya wuce. Sai a ɗora nauyi, a jira awa 24, a auna lotsawa, a ninka nauyin, a sake jira. Idan aka zana sakamakon, da fari layin yana tafiya kusan a kwance, can sai ya lanƙwasa ya gangara. Wajen lanƙwasar nan ne nauyi mafi girma da yumɓun ya taɓa ɗauka yake, kuma a 1936 Arthur Casagrande ya fito da hanyar gano shi a kan zanen. In aka raba shi da nauyin yanzu aka sami fiye da 1, to ƙasar ta sha dannuwa.

Muddin nauyin gini bai kai wannan iyaka ba, lotsawar kaɗan ce. Da ya zarce ta, sai lotsawar ta yi yawa, har bango yana iya tsagewa. Sai dai fa gwajin yana da rauni. Yumɓun da ya jigata wajen haƙowa yakan ba da lanƙwasa marar kaifi, har injiniyoyi biyu su dubi zane ɗaya, kowa ya fito da nasa adadin.