Tafiya Zuwa Birnin Aswan

Ku ɗauko taswirar Afirka ku dubi ƙasar Masar. A nan Nijeriya mun saba da cewa teku yana kudu, hamada kuma tana can arewa. Kogin Neja ma daga arewa yake gangarowa ya faɗa teku a kudu. A Masar kuwa abin ya juya. Tekun Bahar Rum ne a arewa, Kogin Nilu kuma daga kudu yake fitowa. Saboda haka duk wanda ya bar Alƙahira ya nufi kudu, wajen da ruwan ya fito yake fuskanta. Yana tafiya zafi yana ƙaruwa, gonaki suna raguwa, har ya isa Aswan, babban birni na ƙarshe kafin iyakar Sudan.

Me ya sa aka kafa birni a wannan wuri, inda ruwan sama kan yi shekara bai sauka ba? Amsar tana cikin kogin. Dab da Aswan, ta kudu, manyan duwatsu sun cika tsakiyar Nilu, ruwa yana bi ta tsakaninsu da ƙarfi. A zamanin Fir'aunoni jiragen ruwa ba sa iya wuce wurin cikin sauƙi. Dole su tsaya a sauke kaya. Inda fatake suka tsaya kuwa, nan kasuwa take ci. Ta nan zinariya da hauren giwa da gashin jimina suke shiga Masar daga ƙasar Nuba. A tsakiyar kogin akwai wani tsibiri da mutanen da suke kira Abu, wato giwa a harshensu. Yau ana kiransa Elefantin. A kansa Fir'auna yake ajiye sojoji masu gadin iyakarsa ta kudu.

To, yaya za ku isa can? Da farko kuna bukatar fasfo, da bizar Masar, da katin allurar rigakafin cutar shawara. Akwai jiragen sama da suke tashi daga Legas da Abuja da Kano kai tsaye zuwa Alƙahira. Daga Legas tafiyar kimanin awa biyar ce. Idan kun sauka Alƙahira, sauran tafiya kusan kilomita 880 ta hanyar jirgin ƙasa.

Mai sauri sai ya sake hawa jirgin sama. Cikin awa ɗaya da rabi ya isa, amma babu abin da zai gani sai rairayi daga nesa. Jirgin ƙasa ya fi araha, ya kuma fi koyar da matafiyi. Yana tashi daga Alƙahira, ya bi gefen kogi, ya tsaya a garuruwa irin su Asyut da Luksor, ya isa Aswan bayan awa 13 ko 14. Akwai na dare mai ɗakunan kwana, akwai na rana. Da ni za ku tambaya, na rana zan zaɓar muku, duk da gajiyar zama. Ta taga za ku ga gonakin rake da itatuwan dabino a bakin ruwa, kore shar. Ku ɗaga ido kaɗan, sai ga hamada ta fara, babu ko ciyawa. A wasu wurare mutum yana iya tsayawa ƙafa ɗaya a gona, ɗaya a kan rairayi. Wanda ya ga wannan ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa kusan dukkan mutanen Masar suke zaune a bakin Nilu.

Hanya ta uku ita ce ta ruwa. Masu yawon buɗe ido da yawa sukan sauka a Luksor, su shiga babban jirgin ruwa mai ɗakuna kamar otal. Tsakanin Luksor da Aswan kilomita 200 ne da ɗoriya, amma jirgin yakan kwana uku ko huɗu a hanya, domin yana tsayawa a Edfu da Kom Ombo a ga tsofaffin ɗakunan bauta. A Kom Ombo har da gawarwakin kadoji da aka busar aka adana fiye da shekaru dubu biyu da suka wuce. Akwai kuma ƙananan jirage da ake kira faluka. Ba su da inji. Babban farin ƙyalle ake ɗaura musu a jikin doguwar sanda, iska ta tura su. A Masar iska daga arewa take busowa a yawancin shekara, ruwa kuma arewa yake gangarawa. Don haka mai zuwa kudu iska ce take kai shi, mai komawa arewa kuma ruwa ya ɗauke shi. Da wannan dabara Misirawa suka yi dubban shekaru suna kai da kawowa.

Ku lura da lokacin tafiya. Daga Yuni zuwa Agusta zafin Aswan yakan wuce digiri 40 kusan kullum. Gara ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ku riƙe rigar sanyi domin dare. Ranar Aswan ma tana da tarihinta. Wajen shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani mutumin Girka mai suna Eratostenis ya ji cewa akwai wata rana a cikin watan Yuni da sanda ba ta yin inuwa da tsakar rana a wannan gari. Sai ya auna inuwar sanda a Iskandariya a irin wannan rana. Daga bambancin da ya samu, da nisan garuruwan biyu, ya lissafa girman kewayen duniya, kuma bai yi nisa da gaskiya ba.

Idan kun isa, ku fara da wurin fasa dutse na da. Daga nan aka sassaƙo jan dutse mai tauri da aka yi gumaka da ginshiƙai da shi a duk faɗin Masar. Har yanzu akwai wani dogon ginshiƙi a kwance, tsawonsa kusan mita 42, nauyinsa ya wuce tan 1,000. Ana cikin aikinsa ya tsage, masassaƙa suka bar shi a nan. A tsibirin Elefantin kuma za ku ga matakala da ta gangara cikin kogi, da alamomi a jikin bango. Da ita ake auna cikar ruwa kowace shekara, a san ko za a yi amfanin gona mai yawa, a kuma yanke haraji.

Wannan matakala ba ta da aiki yanzu, domin Nilu ya daina ambaliya a Masar. Daga 1960 zuwa 1970, gwamnatin Shugaba Jamal Abdul Nasir, da taimakon Tarayyar Sobiyet, ta gina babbar madatsar ruwa a kudu da birnin. Tsayinta mita 111, tsawonta ya kusa kilomita huɗu. Ta ba Masar lantarki da ruwan noma rani da damina. Amma tafkin da ya taru a bayanta, Tafkin Nasir, ya cinye ƙauyukan Nubawa. An tayar da dubun dubatar mutane daga gidajensu a Masar da Sudan, kamar yadda aka tayar da mutanen Bussa lokacin gina madatsar Kainji a ƙasarmu. Tsofaffin gine-gine ma sun kusa nutsewa. Hukumar UNESCO ta jagoranci aikin ceto su. Ɗakunan bauta na Abu Simbel, masu nisan kilomita 280 daga Aswan, an yanka su gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968, aka sake harhaɗa su a kan tudu. Na tsibirin Fila kuma aka mayar da su wani tsibiri kusa da shi, inda ake zuwa da ƙaramin jirgin ruwa. Gine-ginen dutse sun tsira, gidajen laka na talakawa kuwa suna ƙarƙashin ruwa. Labarinsu yana Gidan Tarihin Nuba da aka buɗe a Aswan a 1997.

Da yamma, idan rana ta yi sanyi, ku shiga kasuwar da ta miƙe daga tashar jirgin ƙasa. Za ku ga dabino da gyaɗa da lalle da kayan yaji jibge a kwanduna. Za a miƙo muku wani jan abin sha a ce sunansa karkade. Ku kurɓa, za ku gane shi nan take: zoɓo ne. Idan za ku sayi busasshensa ku kawo tsaraba, kada ku biya kuɗin da aka fara faɗa. A can ma sai an yi ciniki.