Goggo Ju: Tsohon jirgin Jamus da ya koma tashi a cikin kwamfuta

Jamusawa na kiransa Tante Ju, wato Goggo Ju. Jirgin Junkers Ju 52 mai injina uku ya fara tashi ne a 1932. Jikinsa na ƙarfe ne mai tudu da kwari kamar kwanon rufi, kuma yana ɗaukar fasinja 17.

Har zuwa 'yan shekarun nan, tsirarun da suka rage na kai masu yawon buɗe ido shawagi a Turai. Sai dai a ranar 4 ga Agustan 2018 ɗaya ya faɗi a tsaunukan Switzerland, duka mutum 20 da ke ciki suka mutu. A 2019 kamfanin Lufthansa ya ajiye nasa.

Yanzu masu sha'awar tuƙa shi sun koma gaban kwamfuta, tun bayan da aka saka shi a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi ta Microsoft Flight Simulator a 2021.

Ko a can ma Goggo ba ta son garaje. Ƙaramar tayarta a wutsiya take, don haka iska daga gefe kan karkatar da ita wajen tashi. Gudunta kusan kilomita 200 ne a sa'a, kuma ba ta hawa sama da sauri. Wanda ya kutsa cikin ƙuntataccen kwari yana ƙasa-ƙasa zai rasa wurin juyawa, irin kasadar da masu bincike suka ce ta jawo hatsarin 2018.

A kwamfuta dai, maɓalli ɗaya ake dannawa a sake daga farko.