Kafin a yanke wa kwalekwalen katako hukunci

Kusan kowace damina labarin ɗaya ne: jirgi ya kife, an tsamo gawawwaki, hukuma ta ce tsohon jirgin katako ne sanadi. A 2025 ministan harkokin teku na Najeriya, Adegboyega Oyetola, ya nemi jihohi su yi watsi da jiragen katako su koma na faiba da na alminiyum. Maganar Abuja ba ta daɗewa ba ta iso Maraɗi ba, kuma tana da daɗin ji, domin ta ɗora laifi a kan katako, wanda ba ya da bakin kare kansa. Sai dai idan aka auna ta da abin da ke faruwa a bakin tafkin Madarunfa da ke jihar Maraɗi, za a ga an gwama abubuwa biyu da ba ɗaya ba: jirgin da ya tsufa, da jirgin da aka daina gyarawa.

Tafkin, wanda Gulbin Gabi ke shayarwa, yakan kai hekta 800 idan ya cika, kuma tun 2019 yana cikin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Baƙi sun fi saninsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, masunta kuwa da karfasa da tarwaɗa. Kwalekwalen da suke shiga da shi ƙarami ne, na mutum biyu ko uku da komarsu, kuma ana iya gyara kowace gaɓa tasa a ƙofar gida. Katako na kumbura a ruwa, ya tsuke a hunturu, saboda haka tsagar da ke tsakanin allo da allo takan buɗe duk shekara. Ruɓa na farawa inda ruwa ke kwanciya a ciki, da gindin ƙusar da ta yi tsatsa, kuma ruwan daɗi ya fi na gishiri saurin ruɓar da itace. Kafintan da ya san aikinsa zai ƙwanƙwasa allon ya saurari amonsa, ya soka masa tsinin wuƙa, ya ɓamɓare wanda ya mutu ya sa sabo, ya cusa auduga ko tsumma a tsaga, ya bi da narkakkiyar kwalta. Wanda bai sani ba, ko wanda aljihunsa ya gaza, sai ya buga faci da gwangwani a kan ruɓar. Wannan facin shi ne abin tsoro, domin ido zai ga jirgi lafiya lau, alhali ƙarƙashin gwangwanin itacen ya zama gari.

Wannan sani ba jiya ya fara ba, kuma abin takaici ne yadda muka bar shi babu mai rubutawa. A 1828 Bafaranshen nan René Caillié ya bi kogin Kwara daga Jenne zuwa Kabara, tashar Tumbutu, a cikin wani babban jirgin fatake da aka ɗinke allunansa da igiya, ana tafe ana kwashe ruwan da ke tsattsafowa da ƙorai. Irin waɗannan jirage ne suka yi ƙarnuka suna dakon gishiri da hatsi da goro. Har yau a Mopti maƙeran jirgi na Bozo suna haɗa allunan maɗaci da ƙusoshin da aka ƙera a maƙera, su toshe tsaga da tsumma da man kaɗe da garin gawayi. A ƙasar Hausa kuma, kafin katakon injin ya yawaita, gungume guda ake fafewa, na maɗaci ko kawo ko maje, inda kuma ruwa bai kai a sa jirgi ba masunci ya kwanta a kan gora ya yi iyo, kamar yadda ake gani a Argungu. Duk waɗannan mutane sun ɗauki jirgi a matsayin abin da ake kiwo, ana duba shi kowace shekara. Abin da ya sauya shi ne itacen. Maɗaci ya yi ƙaranci har ya shiga jerin itatuwan da duniya ke fargabar ƙarewarsu, katako ya koma sai an kawo daga kudu ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma mun ga yadda rufe iyaka daga 2023 zuwa Maris 2024 ya tsayar da wannan hanya. Maraɗi ce ta koya wa duniya sassaben zamani tun shekarun 1980, ta mayar da miliyoyin itatuwa gonaki. Me ya hana a ware fili a gefen tafki a dasa maɗaci domin jiragen jikoki?

Za a ce ai jiragen katako sun kashe mutane, kuma gaskiya ne. Wanda ya dare gida biyu kusa da Warra a jihar Kebbi cikin Mayu 2021 tsoho ne, amma ɗauke yake da mutum fiye da 150. Na Bagwai a Kano, a ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, wanda ya ci ran aƙalla mutum 29, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, lodi ne ya yi masa yawa. Lodin da ya nutsar da katako zai nutsar da faiba. Za a kuma ce faiba ya fi ƙarko. Ya fi, amma shi ma ba ya rasa ciwo. Jiragen su na faiba da Turawa ke gyarawa a gidajensu, sau da yawa katako ne a ɓoye cikin bangon da ke riƙe injin da allon da ke gaban matuƙi, kuma yana ruɓewa a ciki ba a gani, gilashin roba mai tare iska kuma rana na dusashe shi ta tsattsage. Su can suna da shagon da za su sayo ruwan gam da ƙyallen faiba. Masuncin Madarunfa da aka ba jirgin faiba kyauta, ranar da kututturen da ke ƙarƙashin ruwa ya huda shi, ina zai nufa? Jirgin da mai shi ba zai iya gyarawa ba ya fi saurin zama kwandon shara fiye da wanda kafintan unguwa ya san kowace ƙusa tasa.

Inda masu sukar ke da hujja mai ƙarfi shi ne lokacin ambaliya, kamar ta 2024 da ta yi wa jihar Maraɗi mummunar ɓarna. Idan gulbi ya yanke hanya, kwalekwalen su ne ke komawa jirgin fito, a loda masa mata da yara da buhuna da babur, aikin da ba domin shi aka ƙera shi ba. A nan ne ya kamata hukuma ta tsaya da ƙafarta, kuma ba a fafa gora ranar tafiya. Jami'an ruwa da gandun daji da ke karɓar kuɗin lasisin su, su zauna da Sarkin Ruwa da kafintoci tun bazara, a fito da kowane jirgi a kife shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a ɓamɓare kowane faci a ga abin da ke ƙasa. Wanda ya tsallake a rubuta masa a jiki yawan mutanen da zai ɗauka. Wanda ya faɗi kuma a taimaki mai shi da allo biyu da ƙusoshin da ba sa tsatsa da gwangwanin kwalta, ya gyara abinsa kafin Gulbin Gabi ya kawo.