BABI NA UKU: ƘA'IDOJIN KWASTAN GAME DA ƘAYYADADDUN NA'URORIN LANTARKI DA AKE SHIGOWA DA SU DON SAKE FITARWA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan ƙa'idojin da Hukumar Kwastan ta Nijeriya take bi dangane da na'urorin lantarki waɗanda doka ta ƙayyade shigowarsu, idan mai su ya ce ba a cikin ƙasar zai sayar da su ba, wata ƙasa zai wuce da su. An kalli batun ne ta fuskar yankin da wannan bincike ya shafa, wato Jandutsi da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi. Dalili kuwa shi ne babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato zuwa Yawuri da Kwantagora ta ratsa wannan yanki, kuma daga Jega ake karkata a bi ta Kalgo da Bunza zuwa Kamba, a kan iyakar Jamhuriyar Nijar. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, niyyar sake fitar da kaya tana iya ɗauke wa ɗan kasuwa biyan haraji, amma ba ta ɗauke masa neman izini.

3.1 Ma'anar Sake Fitarwa

Sake fitarwa na nufin a shigo da kaya daga wata ƙasa, sannan a fitar da su zuwa wata ƙasar ba tare da sun shiga kasuwar cikin gida ba. Tun da harajin kwastan, wato kuɗin fito, ana ɗora shi ne a kan kayan da za a yi amfani da su a cikin ƙasa, sai doka ta yarda a jingine karɓarsa a kan irin waɗannan kaya. Akwai hanyoyi uku da aka fi sani.

Hanya ta farko ita ce ta kayan wucewa. A nan kaya sukan sauka a tashar jiragen ruwa, kamar ta Apapa a Legas, a ɗora su a mota su ratsa ƙasar su fita ta kan iyaka zuwa ƙasar da ba ta da teku, irin Nijar. Hanya ta biyu ita ce shigowa ta wucin gadi, inda kamfani zai kawo na'ura don wani aiki ko baje koli, idan ya gama ya mayar da ita. Wa'adin da aka saba bayarwa shekara ɗaya ne, kuma ana iya neman ƙari. Hanya ta uku ita ce a ajiye kayan a siton da kwastan take kula da shi, ko a yankin ciniki maras haraji irin na Kalaba da na Kano, har ranar da za a fitar da su. An kafa hukumar da ke kula da waɗannan yankuna ne da Doka ta 63 ta shekarar 1992.

Tushen ikon kwastan a kan dukkan hanyoyin uku ya kasance Dokar Kwastan ta 1958, wadda aka yi aiki da ita fiye da shekara sittin, har zuwa 2023 da aka maye gurbinta da sabuwar Dokar Hukumar Kwastan ta Nijeriya. Ta ɓangaren ƙasashen waje kuwa, akwai Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 a kan cinikin ƙasashe marasa teku, da kuma yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta wucewar kaya ta mota, wadda aka sa wa hannu a Kwatano a shekarar 1982.

3.2 Rabe-raben Na'urorin

Wajibi ne a bambance tsakanin haramtattun kaya da ƙayyadaddun kaya. Haramtattu su ne waɗanda aka hana shigowa da su don kasuwar Nijeriya. A jerin da kwastan take fitarwa akwai tsofaffin firji da tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki da tsofaffin kwamfiresa. Ƙayyadaddu kuwa su ne waɗanda ake iya shigowa da su amma sai da izinin wata hukuma, kuma an kasa su gida uku.

Kashi na farko shi ne na'urorin da suka shafi tsaro, kamar jirage marasa matuƙi, da rediyon oba-oba, da kayan leƙen asiri. Irin waɗannan sai an sami takardar shaidar mai amfani da kaya daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro. Takardar tana bayyana wanda kayan za su tsaya a hannunsa da abin da zai yi da su. Ba a banza aka sa wannan sharaɗi ba. Alal misali, a shekarar 2013 sojoji sun hana amfani da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya a Jihar Borno saboda 'yan ta da ƙayar baya suna amfani da ita, sannan a 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta hana tashin jirgi maras matuƙi ba tare da izini ba.

Kashi na biyu shi ne kayan sadarwa na yau da kullum. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, wadda aka kafa a 1992 aka kuma sabunta dokarta a 2003, ita ce take tantance samfurin kowace na'ura kafin a sayar da ita ko a jona ta da layukan sadarwa na ƙasar.

Kashi na uku shi ne kayan lantarki na hannu, waɗanda jama'a suke kira 'yan Kwatano ko tokumbo. Waɗannan suna ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011. Ƙa'idar ita ce a yi rajistar mai shigo da kayan, kuma kayan su kasance masu aiki, domin wanda ya mutu shara ne mai guba. Asalin wannan tsanani yana komawa ga shekarar 1988, lokacin da aka gano dubban ganguna na shara mai guba daga Italiya an jibge su a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, wanda yake cikin Jihar Delta a yau, ba Kokon Jihar Kebbi ba. A shekarar ne gwamnatin soja ta kafa Doka ta 42 a kan shara mai cutarwa. Bayan haka sai ga Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991. Yarjejeniyar Basel ta wajabta neman amincewar ƙasar da shara za ta ratsa, ba ta ƙasar da za a kai ta kaɗai ba, kuma daga 1 ga Janairun 2025 wannan sharaɗi ya game dukkan sharar kayan lantarki.

3.3 Matakan da Ake Bi

Mataki na farko shi ne bayyana niyya tun daga tushe. Takardun jirgin da ya ɗauko kayan su nuna cewa na wucewa ne, su kuma ambaci ƙasar da za su sauka. Wanda ya bari sai da aka tare kayansa sannan ya ce ai Nijar za shi, ya makara.

Mataki na biyu shi ne samun izinin hukumar da abin ya shafa kafin kayan su taso. A nan ne 'yan kasuwa da dama suke kuskure, domin suna ɗauka cewa tun da kayan ba na Nijeriya ba ne, to babu ruwan hukumomin Nijeriya da su. Alhali kuwa jirgi maras matuƙi da yake cikin kwantena a kan hanyar Yawuri zuwa Jega a cikin Nijeriya yake, kuma haɗarinsa ga tsaro bai ragu ba don an rubuta sunan wata ƙasa a takarda.

Mataki na uku shi ne lamuni. Mai kaya ko ejan ɗinsa zai kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, wadda za ta rufe harajin da aka jingine. A ƙaddara harajin wasu kaya naira miliyan 5 ne. Ba za a karɓi kuɗin a tasha ba, amma idan kayan suka ɓace a hanya, wanda ya tsaya lamuni shi zai biya gwamnati wannan adadi.

Mataki na huɗu shi ne a garƙame kwantena da hatimin kwastan, a ƙayyade hanyar da mota za ta bi da kwanakin da za ta yi, wani lokaci ma a haɗa ta da ma'aikatan rakiya. Mataki na ƙarshe, wanda kuma shi ne ginshiƙi, shi ne shaidar fita. Ofishin kan iyaka zai duba hatimi, ya gwada kaya da takarda, ya tabbatar sun tsallaka. Sai wannan shaida ta koma ofishin farko sannan a warware lamuni. Domin rage maguɗin takardu, a 2019 ECOWAS ta ƙaddamar da tsarin kwamfuta mai suna SIGMAT, wanda yake ba ofisoshin kwastan na ƙasashe damar aika wa juna bayanan kayan wucewa.

3.4 Dalilin Tsanantawa

Masu iya magana sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, to haka nan tsarin sake fitarwa ba shi da aibu a kan kansa, sai dai yadda aka yi amfani da shi. Tun lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, manyan 'yan kasuwar Maraɗi suka shiga cinikin kayan wucewa. Sukan sayo taba sigari da atamfa ta tashoshin Kwatano da Lome, su biya gwamnatin Nijar kuɗin wucewa, sannan kayan su faɗo Nijeriya ta ɓarauniyar hanya. Emmanuel Grégoire ya yi nazarin wannan ciniki a littafinsa kan Alhazan Maraɗi da ya fito a 1986. Ke nan abin da yake halattaccen sake fitarwa a Nijar ko Binin, da zarar ya tsallako iyaka ba tare da takarda ba ya zama fasa-ƙwauri a Nijeriya.

Wannan ne ya sa gwamnatin Nijeriya ta hana shigowa da motoci ta kan tudu daga Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokinta a Agustan 2019. Daga cikin sharuɗɗan da ta gindaya wa maƙwabta a Nuwamban wannan shekara akwai cewa kayan da za su wuce zuwa Nijeriya su zo cikin ɗaurinsu na asali, a rako su har kan iyaka. An buɗe Illela da Maigatari a Disamban 2020, amma Kamba sai a Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake jawo rufe iyaka har zuwa Maris 2024, sannan a Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata.

3.5 Abin da Ya Shafi Yankin Bincike

Jega ta daɗe da zama mahaɗar fatake, tun ƙarni na 19 da ayarin goro na Gwanja yake yada zango a kasuwarta. Har ila yau albasar Aliero tana fita zuwa ƙasashen maƙwabta, kuma motar da ta kai kaya ba ta son dawowa wayam. Saboda haka direba ko ɗan kamasho daga Jandutsi ko Maiyama yana iya samun lodin kwalaye daga Kamba, ko daga Lolo da Tsamiya da ke kan iyakar Binin, ba tare da ya san abin da yake ciki ba. Doka kuwa ta ba kwastan ikon ƙwace kayan da aka karkatar, har da motar da ta ɗauko su, tare da gurfanar da wanda aka kama a gaban kotu. Haka nan mai shagon da ya sayi oba-oba da araha daga lodin da aka fasa wa hatimi, ya sayi kayan da ba su da takardar zama a ƙasar, kuma a yankin da yake fama da 'yan bindiga tambayar da za a yi masa ta wuce ta haraji.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga ma'anar sake fitarwa da hanyoyinta uku, da rabe-raben na'urorin da aka ƙayyade, da matakan da ake bi tun daga bayyana niyya har zuwa shaidar fita. An kuma nuna cewa tsarin ya tsayu ne a kan izinin hukuma da lamuni da tabbacin cewa kaya sun bar ƙasar, kuma rashin ɗaya daga cikinsu yana mayar da kayan wucewa su zama na fasa-ƙwauri. Babi na gaba zai duba irin sanin da direbobi da 'yan kasuwar yankin suke da shi game da waɗannan ƙa'idoji.