Hurumin Dudduru Da Ƙananan Halittunsa

Ya ku malamai da fatake, ku sani a ƙasar Ajingi, maƙwabciyar Gaya, akwai makiyaya da ake kira Dudduru, wadda hukuma ta keɓe domin dabbobi. Asalin irin wannan keɓewa a dokar zamani shi ne Dokar Makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965. Amma malamai sun san ta tun gabanin haka da sunan hima, wato hurumi, gama Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza.

To, shata iyaka kaɗai ba ya raya hurumi. Abin da ke raya shi ƙananan halittu ne waɗanda ake takawa ba a kula ba. Buzuzu yana mulmula kashin shanu ya binne shi, ƙasa ta sami taki. Gara tana huda ƙasa, ruwan sama ya shige ciki maimakon ya kwarare. Ƙudan zuma yana yawo bisa furanni, itatuwa su yi 'ya'ya, mai amya ya sami abin kaiwa kasuwa.

Idan shanu suka yi yawa, suka cinye ciyawa tun ba ta zubar da iri ba, sai gamba da kyasuwa su ƙaura, tafasa ta gaje wurin, ita kuwa dabba ba ta son ɗanyarta. Idan aka cinna wa daji wuta da rani, sai ƙwari su ƙone tare da ƙwayayensu. Wasu magungunan tsutsar ciki kuma suna fita cikin kashin dabba su kashe buzuzu. Haka nan idan aka hana kiwo gaba ɗaya, sarƙaƙiya ce za ta rufe fili.

Saboda haka magani shi ne tsakaitawa. A raba hurumi kashi-kashi, a hutar da wani sashe da damina har iri ya zuba, a bar burtali a buɗe, a daina ƙona daji.

Falken da ke sayen sa a kasuwar Wudil ranar Juma'a ya tuna cewa ƙibar san nan daga ciyawa take, ciyawa kuwa daga aikin ƙwaro. Malamai su faɗakar, masu unguwa da arɗo-arɗo su tsare. Allah ya sa mu dace, amin.